Fansar Hula a Rumfar Tukwanen Firiji

Da na gama bautar ƙasa na dawo Jibiya, aikin da na sa rai bai samu ba. Sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ce in riƙa zuwa rumfarsa maimakon zaman gida. Tsofaffin ƙarafa yake saye. Rumfar tana bakin hanyar da ta nufi Maraɗi, kuma abin da ya fi shigo mana shi ne matattun firiji, waɗanda masu ƙanƙara da ruwan sanyi suka gaji da kai wa gyara. A bayan kowace akwai wani baƙin inji mai tura iskar sanyi, mu tukunya muke ce masa saboda kamarsa. A cikinsa akwai naɗin jan waya, wato kofa, kuma dominta ake duk wahalar.

Mai yanka tukwanen ɗan kawun ne, taubashina. A Maraɗi ya tashi wajen dangin uwarsa, shi ya sa firiji a bakinsa firigo ce. Mutum ne mai fara'a da saurin hannu. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni kuwa ban taɓa iya ramawa ba. Sai ya tafi amsar take zo mini.

Sinadarai na karanta, kuma ba zan ce na san firiji sosai ba. Amma iya ɗan abin da na sani, akwai mai a cikin tukunyar, akwai kuma ragowar iska, wadda a wasu sababbin firijin tana kamawa da wuta kamar gas ɗin girki. Ga mai fetur a jarkoki yana maƙwabtaka da mu. Taubashina kuwa sai ya danne tukunya da ƙafa, ya ɗora mata giranda, injin yankan ƙarfe, alhali man yana ciki, tartsatsi yana tashi, shi yana kanne ido yana waƙa. Wata rana ɓurɓushin ƙarfe ya shige masa ido. Ni na goya shi a babur zuwa asibiti, ina jin hawayensa yana jiƙa mini riga. Aka cire, aka ce ya auna arziki. Washegari ya koma aiki yadda ya saba, da jan ido.

Daga ranar idon nan ya tsaya mini a rai. Na sayo tabarau na aiki da safar hannu, na zaunar da shi na yi masa bayani a tsanake, har da zane a ƙasa. Ya saurara kamar gaske. Da na dawo daga sallar azahar sai na tarar da tabarau a fuskar ragon kawu da ke ɗaure a bayan rumfa.

"Ka gani, bawa," in ji shi, "shi ma shina son boko."

Har kawu sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, amma da na koma gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyata ta tambaya, na gaya mata.

"Taubashin naka kake wa lacca?" ta ce. "Ai ba a roƙon taubashi, kamu ake yi masa. Ka ɗauke abin da yake ji da shi, sai ya fansa. Kuma ba shi da bakin yin fushi."

Na ce, "Inna, wannan ba zai zama sata ba?"

Ta dube ni ta girgiza kai. Duk da haka sai da na sake tambayarta da safe, don in tabbata.

A lokacin yana neman aure a Bugaje. Yana da wata sabuwar hula mai aikin hannu, tana rataye cikin leda a jikin ƙusa, ba ya sa ta sai zai je zance. Ranar da na san zai tafi, na jira ya shiga wanka bayan la'asar, na zare ledar, na ruga gida na ba mahaifiyata. Ta tura ta ƙarƙashin kwanukan jerenta tana murmushi. Na dawo rumfa ina waige-waige, kamar wanda ya ƙetare iyaka da kayan da ba nasa ba.

Ya fito fes cikin shadda, yana ƙamshin turare. Ya kai hannu ga ƙusa, ya tsaya.

"Wa ya ɗauki hulata?"

Na ce, "Ni ne. Kamu na yi."

"Kai? Mi ka ce?" Ya juya wajen mahaifinsa. "Baba, ka ji bawanga hwa!"

Kawu ko ɗaga kai bai yi ba daga sikelin da yake gyarawa. "Ni ba ni shiga tsakanin taubasai," ya ce.

Kafin a jima mai fetur da mai shayi sun matso. Taubashina ya fara ciniki. Ya ce goro, na ce a'a. Ya ce tsire har in ƙoshi, na ce a'a. Ya ce to ya 'yanta ni daga yau, jama'a suka kwashe da dariya. Na ce fansar hula ita ce ya yi alkawari a gaban waɗannan mutane: ba zai ƙara yanka tukunya ba sai an zuƙe iskarta, an tsiyaye manta, kuma da tabarau a idonsa da safa a hannunsa.

"Lunet ɗin rago zan sa?"

"Na wanke shi," na ce.

Ya ce safa dai a bar ta, ana zafi. Na kusa in yarda, domin ni ma na ga kamar na tsananta, sai kawu ya yi gyaran murya. Na ce har da safa. Ya dubi rana, ya dubi hanyar Bugaje, sai ya fashe da dariya ya miƙo mini hannu.

"Awo, na yarda. Ashe kana da baki, ɓoyewa kake."

Muka biya ta gidanmu, mahaifiyata da kanta ta ɗora masa hular, ta ce ya gai da surukanta.

Ban yi zaton zai cika ba, amma ya cika. Wataƙila kunyar shaidu ce, wataƙila kuma dama hanya yake nema da zai yarda ba tare da an ce ya bi maganar boko ba. Ban sani ba. Aikin dai ya sauya. Kawu ya shirya da wani mai gyaran firiji, yana zuwa ya zuƙe iskar a cikin silinda kafin mu taɓa komai. Sannan mu cire wayoyi, mu datse bututun da almakashin ƙarfe, mu kifa tukwanen a kan mazurari su kwana suna tsiyaya cikin jarka. Muka mai da wurin yanka can baya, nesa da fetur, da bokitin yashi a kusa. Ana ɗaure tukunya a maɗauri, a bi layin waldarta da giranda sama-sama, ba a nutsa ba. Kofar ma muka daina ƙona ta, da kurfi muke datse gefe ɗaya mu zaro ta.

Ramuwa kuwa ba ta daɗe ba. Ina alwala a rumfa wata rana, na waiga babu takalmana. Yana zaune a kansu.

"Kamu na yi," ya ce. "Kai kullum baki, ba ka taɓa riƙe giranda ba. Fansarka ka buɗe tukunya ɗaya da hannunka."

Gaskiya ne, tsoron injin nake yi. Na dubi kawu, ya ce shi har yanzu ba ya shiga. Na sa safa da nawa tabarau. Zan kunna kenan sai taubashina ya riƙe ni. Ya kwance tukunyar daga maɗauri, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya kifa ta ya ga ko ɗigo bai fito ba, sannan ya mayar ya ɗaure. Ya ja igiyar tabarau ɗina ya matse, ya sa nasa, ya tsaya a bayana ya dafa gwiwar hannuna.

"Sannu-sannu, bawa. Bi layi."

Yankan ya karkace, kuma na tsaya hutawa ya fi a ƙirga. Da muka zagayo, ya sa kurfi ya ɗaga murfin. Ga kofa nan a naɗe, ja wur, tana ƙyalli. Mai shayi ya yi tafi, kawu ya ce madalla. Ni kuwa ina tsaye ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, ina dariya, har na manta ban karɓi abin da na fansa ba.