Kwandon da Ba a Ba Baƙo

Mu biyar ne a gidan da muka kama haya a unguwar Madinat Nasr ta birnin Alƙahira, hawa na shida, kuma lif ɗin gidan kusan kullum a lalace yake. Huɗu Hausawa ne, biyu daga Najeriya biyu daga Nijar. Na biyar ɗinmu, abokina, ɗan Mali ne, ɗan ƙabilar Dogon, wanda ya koyi Hausa a bakinmu har ya fi mu iya tsiya da ita. Ni kullum sai na tsaya a hawa na uku na huta ina mitar mai gidan. Shi kuwa da tukunyar gas a kafaɗa yake wuce ni, yana cewa, “Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, a garinmu wannan ai fili ne.”

Shekara shida bai je gida ba. Mahaifinsa manomin albasa ne da ke kan al'adar kakanninsa, kuma ba da yardarsa abokin nawa ya taho Alƙahira karatun addini ba. Idan kawunsa ya kira waya, sai ya jero gaisuwar kowa, uwa, ƙanne, har da tsohuwar maƙwabciya. Ta uban ce kaɗai ba ta taɓa zuwa ba. Wata ranar Juma'a muna tsintar shinkafa ya ce mini zai je gida a hutun nan. “Ina so in gani ko har yanzu ni ɗansa ne,” in ji shi. Ni da ba na iya riƙe bakina na ce ai ƙafata ƙafarsa. Wannan kafin tashin hankali ya rufe hanyoyin can ne.

Muka shiga kasuwar Ataba ya saya wa tsohon farar jallabiya da turare. Ni kuma na saya wa kaina takalmin fata mai sheƙi don kada a raina ni a ƙauyen mutane. Ya kalli takalmin ya kalle ni, ya ce tamam, wato ya yi daidai, bai ƙara komai ba. Har yau ina riƙe da shi a kan wannan shirun. Da muka isa Mali, a garin Mopti ni na zaɓi goron da za mu raba wa dattawa, don nan ne kaɗai na fi shi sani.

Bayan garin Bandiagara mota ta ajiye mu inda hanya ta ƙare, sauran kwana uku a ƙafa. Ni ɗan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, ban taɓa ganin dutse ya miƙe kamar katanga har inda ido ya gaji ba, ga gidaje a manne a jikinsa. Rumbunansu na laka ne, kowanne da hular ciyawa a ka. Tsaninsu gungume guda ne da aka sassare masa matakai. Kafin azahar ta ranar farko takalmina ya ci mini dunduniya, wata tsohuwa da ƙwaryar ruwa a ka ta wuce ni a hawa tana gaishe ni ba ko haki. Na ji kunya, na kuma ji haushin abokina da ke gaba yana kiran yalla, wai in ɗaga ƙafa.

Amma ƙauyukan sun shiga raina. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tambayi gida da iyaye da dangi ɗaya bayan ɗaya, abokina na amsawa, sannan shi ma ya juya ya tambaya, alhali kowa bai daina tafiya ba. Mu Hausawa da muke taƙama da doguwar gaisuwa, can na san akwai na gabanmu. Duk ƙauyen da muka sauka, kafin a tambayi ko mu su wane ne an shimfiɗa tabarma an kawo ruwan gero. A ƙauye na biyu wani maƙeri ya dubi ƙafata ya girgiza kai, ya ba ni takalmin tayar mota, na rataya na Ataba a wuya.

Da la'asar ta rana ta uku muka isa garinsu. Uwar ta riƙe shi tana kuka tana shafa gemun da ba ta san shi da shi ba. Can uban ya dawo daga lambu, gajeren tsoho mai faɗin kafaɗa. Ya gaishe da ɗansa gaisuwa cikakkiya, ya juyo ya yi mini irinta sak. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma guda, aka yanka kaza.

“Ka gani? Khalas, magana ta ƙare,” na ce ina tauna.

Bai taɓa naman ba. “Yadda ya karɓe ka haka ya karɓe ni,” ya ce.

Ban ga abin damuwa a nan ba. Kwana biyu ana hidima da mu, ina ƙiba, shi yana ramewa. Ya ɗauki fartanya, ƙaninsa ya karɓe da ladabi. Ya nufi rijiya da guga, aka rigaye shi.

Da hantsin rana ta uku aka kira mu rumfar dattawa. Rufinta karan gero ne jibge mai kauri, amma ƙasa-ƙasa take, sai an sunkuya ake shiga, a zaune kuma ake magana. Na raba goro, aka yaba da zaɓina. Abokina ya miƙa wa uban jallabiya da turare. Tsohon ya ajiye su gefe ko warwarewa bai yi ba. Ya kamo hannun ɗansa, ya juya tafin, ya murza da babban yatsa, ya faɗi wata magana. Sannan ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani tsohon kwando ya jefa a gaban ɗan.

“Me ya ce?” na tambaya.

“Ya ce hannuna ya koma na jariri. In sauka kwari in ɗebo ƙasa.”

Raina ya ɓaci. Mutumin da ke jan mu tarawihi, wanda Misirawan unguwarmu ke tsayawa a bakin masallaci su saurari ƙira'arsa, shi za a jefa wa kwando a gaban jama'a? Na zabura zan miƙe in faɗi abin da ke bakina, kaina ya daki azara, na koma zaune ba shiri. Dattawan suka yi dariya har wani ya ƙware da goro. Daga baya aka gaya mini da gangan ake yin rufin haka, don mai fushi irina.

Ina dafe da ƙulu na duba, sai na ga abokina ya riga ya tuɓe rigarsa, ya rungume kwandon, idonsa cike da hawaye.

“Ya akhi, zauna,” ya ce. “Baƙo tabarma ake ba shi da kaza. Ba a ba baƙo kwando.”

Na bi su a baya ina ɗingishi. A can saman dutsen babu ƙasa, duk lambun albasar da na gani kore shar, da ka aka hauro da ƙasarsa kwando-kwando, aka kewaye da duwatsu. A tsakiyar lambunan tsohon akwai wani fili da bai fi ɗaki guda ba, an kewaye shi, amma cikinsa dutse ne tsirara. Kawun, wanda ya taɓa fatauci a Nijar yana jin Hausa, ya ce mini rabon abokina ke nan. Shekara shida dangi na roƙon a ba su su cika, tsohon yana hanawa.

Na ce a ba ni kwando ni ma. Aka fassara wa tsohon. Ya dubi ƙulun kaina, ya yi murmushi, ya nuna mini inuwar wata kuka. Na zauna, kuma gaskiya kishi na ji, ni da aka yanka wa kaza.

Sau uku abokina ya sauka ya hauro, ƙasa na zubo masa a gemu, wuyansa na rawa. Uban na tsaye bakin filin yana baje ƙasar da ƙafa. A hawa na huɗu ya ga tsakiyar kan ɗan ta saɓule. Ya tsayar da shi, ya warware tsumman da ke nasa kan, ya naɗe shi gammo, ya ɗora masa da hannunsa, sannan ya mayar masa da kwandon bisa kai.