Tudun da Ba a Dire Ƙafa

Har yau, idan warin kananzir ya haɗu da na baƙin mai, gidanmu na Bwari ne ke faɗo mini a rai. Da kananzir Baba yake wanke sarƙar kekensa kowace Juma'a bayan La'asar, a cikin gwangwanin madara, da tsohon buroshin haƙori. Inna takan ce har tuwon ranar ɗanɗanon keke yake yi.

A lokacin, farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba. Kuɗi na yawo, ana ta fasa duwatsu ana shimfiɗa titunan sabon babban birni. A wajenmu kwalta ta riga motoci zuwa. Sai ka ga titi baƙi wuluk ya ratsa gonakin doya, ba mai bin sa sai tifa jefi-jefi, da matan Gbagyi ɗauke da tukwane a kafaɗa. Wannan titin ne ya haifi kulob ɗin tseren keke na su Baba. Ba su da yawa: malaman makaranta, birkiloli, wani makanike Bayarabe, samarin ƙauyukan kusa, sai Baba, wanda akawu ne a wani kamfanin gine-gine. Asabar suke tsere, domin Juma'a ta wasu ce, Lahadi ta wasu.

Babban tseren shekara kuwa sai ƙarshen damina, sa'ad da ciyawa ta fi mutum tsawo, duwatsu sun wanku. Hanyar ta nufi wajen Ushafa, kuma daf da ƙarshenta akwai wani tudu mai tsayi. A kan tudun nan kulob ke da doka guda: duk wanda furfura ta fito masa, dole ya haye shi ba tare da ya dire ƙafa ba. In ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya gama tsere ke nan har abada, sai a rataya masa usur ya koma alƙali.

Baba ne ya kawo dokar, tun gemunsa na baƙi. Wanda ta fara ci shi ne wani tsohon tela mutumin Filato, wanda a zamaninsa ba a shan gabansa. Tun daga ranar usur ke wuyansa, kuma bai taɓa mantawa da wanda ya rataya masa shi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, furfura ta bayyana a gemun Baba. Ga shi zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina, ya tashi a rame. Inna ta ce ya aske gemun kowa ya huta. Ya ce wanda ya kafa doka ba ya ɓoye mata da reza.

Ranar tsere ni da yayana muka tafi tudun tun da hantsi, muka hau wani falalen dutse. Jama'a sun cika gefen titi. Samari suka fara zuwa a dunƙule, sarƙoƙi na kuka, suka haye suka ɓace. Na bayansu suka biyo ɗaya-ɗaya. Can sai ga Baba shi kaɗai, rigarsa ta manne masa a baya.

Tsohon tela ya gangara ya tarye shi, yana tafe a gefensa, idonsa a kan feda.

"Oga akawu, sannu da zuwa," in ji shi. "Na goge maka usur, har sabuwar igiya na sa masa."

"Riƙe kayanka, dattijo. Ya fi dacewa da wuyanka."

Aka yi dariya. Amma da suka kai inda tudun ya fi miƙewa, dariya ta ɗauke. Keken ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har mai tafiya da ƙafa ya fi shi sauri. Baba ya miƙe daga kan sirdi ya danna feda da duk nauyinsa, ta ƙi sauka. Keke ya tsaya cak.

Na san abin da ke biyo bayan haka, don na sha gani: keke ya karkata, ƙafa ta nemi ƙasa da kanta. Tela ya sa usur a baki, ya tsuguna yana leƙen tafin ƙafar Baba.

Ƙafar ba ta sauko ba. Baba ya karkata tayar gaba kaɗan, ya tsaya a kan fedodinsa biyu. Keken ya ja baya kamar taƙi guda, ya dawo, ya sake ja, ya sake dawowa. A haka ya tsaya a tsakiyar tudu, mutum da keke, ba abin da ke riƙe da su. Hutawa yake yi. Daga kan dutse ina jin numfashinsa, ina ganin gumi na ɗiga daga gemunsa zuwa kwalta. Wata mata ta sauke tukwanenta a hankali, kamar tana tsoron ƙararsu ta kayar da shi. Direban wata tifa da ke gangarowa ya taka birki ya kashe inji. Yayana ya danƙe mini hannu har ya yi shaida, ban ji ba sai daga baya.

Sai tela ya cire usur daga bakinsa.

"Taka, oga! Taka mana! Ni ne zan ba ka usur ɗin nan? Ban ba ka ba!"

Feda ta sauka. Baba ya yanki titin a karkace zuwa wancan gefe, ya juyo zuwa wannan, yana cin tudun kaɗan-kaɗan. Tela na gudu a gefensa yana ihu, takalminsa ɗaya ya cire bai waiwaya ba. Masu kabbara na yi, masu kiran Yesu na yi, mata na guɗa. Da ya kai saman tudun, samarin da suka daɗe da gama tsere sun dawo suna jiransa. Ya ce musu, "Ku riƙe mini keken. Ƙafar ta manta yadda ake sauka." Ɗauke shi suka yi daga kan sirdi.

Shi ya zo na ƙarshe, kuma a ranar ba wanda ya tambayi wa ya zo na ɗaya. Ya ƙara wasu shekaru yana tsere, sannan wata Asabar ya je shagon tela da ƙafarsa ya karɓi usur.

Yanzu gidajen bene sun cinye gonakin doya. Tudun na nan, amma cunkoson motoci ya hana a gane tsayinsa, kuma ba uban da zai bar ɗansa ya hau keke a wurin. Ɗana a cikin katangar unguwa yake zagaye da nasa. Da na ba shi labarin kakansa, ya dube ni da alamar shakka, ya tambaye ni minti nawa ya yi a tsaye. Na ce masa ban sani ba. A duk mutanen da ke kan tudun nan, ba wanda ya iya ɗauke ido ya duba agogo.