Jan maɓallin bayan kwamfutata

A shekarun da muka yi haya a Kwamba, wutar unguwarmu raguwa ce. Za a kawo ta, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci, ƙwan fitila ya yi ja. Kwamfutata, tsohuwa 'yar gwanjo da nake buga wa ɗalibai takardu da ita, ko motsi ba ta yi sai wuta ta cika. Wannan bai dame ni ba. Abin da nake ji da shi yana cikinta: muryar Innata. Kafin ta rasu na ɗauke ta a waya tana ba ni labarin ƙuruciyarta, tana dariya, tana yi mini faɗa wai na cika tambaya. Na kwashe na zuba a kwamfutar, aka sace wayar a mota a hanyar Diko. Babu wani wurin da muryar ta rage.

Wata Asabar yayan maigidana ya zo mana yini. Direba ne a wani ofis a Abuja, amma tun da ya taɓa ɗauko kwamfutoci a bayan mota ya zama injiniyan dangi. Rediyo, dutsen guga, duk abin da ya sa wa hannu sai dai a yi masa addu'a. Ya tarar da ni ina ta dannawa ta ƙi tashi.

"Matsa, Amarya," in ji shi. "Ku matsalarku ba ku san wuta ba."

Ya juya akwatin, ya nuna wani ɗan jan maɓalli kusa da inda igiyar wuta ke shiga. Gefe ɗaya 230, ɗayan 115.

"Wutarku rabi ce, sai a sa ta a rabi. Lissafi ne kawai."

Lissafi! Wallahi na san ɓarna ce. Mai gyaran da ya sayar mini da ita, wani ɗan kudu a kasuwa, har tef ya liƙa a wurin, ya ja mini kunne kada in taɓa. Ina kallo Yaya ya ɓare tef ɗin da farce, ya tura maɓallin da mukullin mota. To wace ce ni da zan gyara wa yayan miji a gaban ƙaninsa? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu da ƙoƙari, Yaya."

Abin haushin, ta tashi. Ya kakkaɓe hannu yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ya ci tuwo malmala uku, ya tafi. Na ce a raina zan mayar da maɓallin. Ban mayar ba, don aiki yana tafiya. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba.

Ranar Talata da hantsi aka gyara mana tiransifoma. Ina shanya a tsakar gida na ji fanka ta ɗauki gudu, maƙwabta na murna. Na tuna kwamfutar tana jone, maɓallin kuma yana kan rabi. Na yar da zanin da nake shanyawa na ruga, ban kai ƙofa ba na ji fau! Ɗakin ya cika da ƙauri.

Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai. Ya ce tukunyar wutar ta ƙone, ta tafi da ma'ajiyar da komai ke ciki.

"Madam, wa ya cire tef ɗin?"

Na ce ni ce.

Da Sallah Yaya ya zo, aka ba shi labari. Ko gezau.

"Ai 'yan gwanjon nan ba su da ƙarko, Amarya. Da kin tambaye ni kafin ki saya."

Na durƙusa na ajiye masa ruwan wanke hannu.

Labaran Inna ina riƙe da su, zan iya faɗa daga farko har ƙarshe. Kwanaki autata, wadda ba ta riske ta ba, ta ce in yi mata dariyar kakarta ta ji. Na buɗe baki, na rasa ta.