Sawun Bitrus a Ƙarƙashin Kwando

An sallame ni daga aiki saboda sawun ƙafar yaro ɗaya. Ranar ba ta taɓa fita daga raina ba.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, ina lebura a wata makarantar kwana kusa da Malumfashi. Ban yi boko ba. Soja na yi, na dawo da raina. Aikina in share filin ƙwallon kwando, in ja layi da toka. Filin ƙasa ne, yara kuma ba takalmi.

Gasar ƙananan yara tana da doka: kowa ya bi mutuminsa. Ba a yarda dogo ya kafe a ƙarƙashin kwando yana jiran duk wanda ya zo ba. In an bar shi, shi ba zai koyi tsaro ba, gajeru kuma ba za su taɓa jefawa ba.

Tun wajen atisaye na fara zargi. Malam Ishaya, malamin wasanninmu, yakan ja Bitrus, dogon yaronmu, gefe, ya rage murya. In na matso da tsintsiya sai su yi shiru.

Ranar da 'yan Bakori suka zo, na zuba ido. Bitrus ya kafe a ƙarƙashin kwando, amma duk sanda rafali ya waiwayo, sai ya miƙa hannu yana nuna wani yaron Bakori, kamar shi yake bi. Malamin Bakori ya yi ƙorafi. Rafali ya ce bai gani ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci muna kan gaba, Malam Ishaya ya zo mini da sauri.

"Baba Tanko, share mana ƙarƙashin kwandon nan."

"Nan kaɗai, Malam?"

"Kai dai share."

Na duba ƙasa. Ko'ina sawu ya gauraye. Nan kuwa babbar ƙafa ɗaya ce ta tattake wuri guda har ya yi rami. Na ajiye tsintsiya, na kira rafali.

"Ranka ya daɗe, dubi. Akuyar da aka ɗaure a turke ta fi wannan yawo."

Rafali ya tsuguna, ya daɗe yana duban sawun. Ya tashi ya ce in Bitrus ya sake kafewa, an ba Bakori wasa. Bitrus ya fita bin mutum, bai iya ba, ba a taɓa koya masa ba. Aka cinye mu.

Yaron ya same ni yana kuka. "Baba, abin da aka ce in yi na yi."

"Na sani."

Bayan kwana uku hedimasta ya kira ni. Ya ce lebura ba alƙali ba ne. Ban yi musu ba, na miƙa mabuɗin sito.

Abin da na koya ke nan: a wasan yara, in ka ga maguɗi, kada ka tuhumi yaro, nemi babban da ke raɗa masa.

Yanzu ina Dandume, ina noman dawa. Ba kowa a sama da ni.