'Yar Rakiyar Gwaggo

Jiya ina kwashe kayan akwatin Gwaggo, ƙanwar babana, shekara guda da rasuwarta, sai hannuna ya taɓo wani dunƙulen auduga da aka ɗinke cikin ƙyallen atamfa. Har yanzu yana warin man kaɗanya. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya.

Shi take cusawa cikin rigarta ta wajen hagu, tun da aka cire mata nono a Kano saboda ciwon daji. Matan birni da suka yi jinya tare sun sayi na roba a kanti. Ita da ta koma ƙauyenmu Achika, allura da zare ta ɗauka ta yi nata, ta sa masa suna 'yar rakiya.

Wata rana a gidan suna tana daka da kumburarren hannunta, sai dunƙulen ya faɗo gaban mata. Nan take wata ta janye kwanonta. Gwaggo ta ɗauka, ta kaɗe ƙasar, ta ce masa, "Ke ma kin gaji da ɓuya ko?" Sannan ta juyo gare ni: "'Yar nan, in kin ji wani abu a ƙirjinki, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe irina. Hau mota."

Sati biyu ke nan ina jin ƙullutu a nawa, ban gaya wa kowa ba. Gobe da safe zan tsaya bakin gadar Wudil in tare motar Kano.

Allah Ya haskaka makwancinki, Gwaggo, Ya ara mini ko rabin zuciyarki.