Ranar da Dije ta ɗura wa inji gyaɗa

Bana shekara talatin da muka kai Dije makwancinta a Waca. Na ce talatin, amma kada ku riƙe ni da kalanda, don aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, na huɗun ta taga na hango shi. Abin da na tabbata shi ne damina ce, gero ya fara fitar da kai, kuma ta tafi ba ta ba ni damar rama zagin ƙarshe da ta yi mini ba.

Dije ƴar kawuna ce, ni ɗan gwaggonta, wato taubasai muke. Wanda ya san wannan zumunci ya san ko gaisuwa ba ta tafiya sai da tsiya. Tun ranar da na gudo daga lakwal ta raɗa mini Mushe, sunan da muke kiran malamin boko da shi, har yau wasu a garin nan sun ɗauka sunan yanka ne. Don haka in kun ga ina tsokanarta a jarida, kada ku ce tsoho ya rasa ladabi ga mamaci. Addu'a ina yi mata kullum. Tsokana kuwa haƙƙina ce, ban ji malamin da ya ce mutuwa tana soke ta ba.

Abin da ya tayar mini da ita shi ne wata hira da aka yi a majalisarmu ta bakin tasha. Wani abokinmu da ya ajiye aikin gwamnati a Magariya ya zaro salularsa, ya ce yanzu an ƙera na'ura mai rubuta wasiƙa, ta yi lissafi, ta amsa tambaya kamar mutum. Ya ce nan gaba kaɗan masu zaman biro za su rasa abin yi. Tsofaffi suka yi ta salati, wani ya ce duniya ta zo ƙarshe. Ni dai tunani nake, da Dije tana nan, me za ta fara tambaya?

Bari in koma baya, saboda yaran yanzu. Sana'ar Dije dakau ce. Mace ce za ta bi gidajen ƴan kasuwa da na ma'aikata, ta yi musu sussuka, ta surfa, ta daka, ta tankaɗe, a sallame ta da ɗan awon hatsi da dusa. Mijinta ya rasu a shekarun farin nan na saba'in da wani abu, ya bar ta da ƴaƴa uku da akuya ɗaya. Da taɓarya ta riƙe su. Tafin hannunta ya fi diddigena kaushi, na sha gaya mata, ita kuma ta sha nuna mini shi a ƙeya.

Fari ya wuce, mutane sun fara farfaɗowa, sai Alhaji Manzo mai kanti ya ɗauko injin niƙa daga Kano a bayan babbar mota. Shi ne na farko da garinmu ya gani. Aka kafa masa rumfa gefen kasuwa, aka shiga neman wanda zai riƙe shi. Aka ce a kira Mushe, ai ya yi karatu. Na je na tsaya gaban rubutun da ke jikin ƙarfen. Ingilishi ne, ni kuwa Faransancin ma ban gama da shi ba. Na karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, na kaɗa kai kamar mun fahimci juna, aka ba ni aiki.

Da farko mutane sun yi ta surutu. Maza suka ce tuwo zai yi warin gazuwal, man da injin yake sha, kuma mata in sun rasa daka za su sami lokacin rigima. Matan kuwa ƙoransu kawai suka riƙa aikowa. Kafin kaka ta zagayo, gidajen da suke kiran masu dakau sun daina kira.

Ni ban ga wannan ba, ina can cikin gari fari fat har gashin ido, ina jin kaina kamar direban jirgi. Kuma kullum in na bi ta bayan dangar Dije, safe da la'asar, sai in ji taɓarya tana tashi tana sauka. Sai in ce a raina, to, ita dai ba ta rasa ba. Har in ɗaga murya.

"Dije, har yanzu kina nan kina kokawa da icce?"

"Wuce, Mushe. Je ka shayar da ƙaton ubangidanka mai tari. Ni hannuna ba ya shan gazuwal."

Wata rana na rako Inna, mahaifiyata, daga gidan suna. Da muka zo daidai dangar sai ta rage tafiya, ta karkata kai. Da muka shiga gida sai ta juyo gare ni.

"Kai ne ka ce mini Dije tana samun aiki?"

"Ba ki ji da kunnenki ba, Inna?"

"Na ji. Ƙaiƙayi take daka."

Wannan abu ne da matan ƙasarmu suka sani, maza kuwa ba kowa ba. In rumbu ya ƙare, macen da ba ta son a san halin gidanta takan zuba ƙaiƙayi a turmi, ta yi daka a daidai lokacin da kowa yake yi. Maƙwabta su ji, su ce gidan ana ɗora tukunya. Yara ma in suna jin taɓarya sukan ƙara haƙuri. Amma tsofaffin mata suna rarrabewa, don turmin da ke da hatsi ƙararsa tana da nauyi, na ƙaiƙayi kuwa sai ka ji kamar ana dukan tsumma. In sun gane, ba sa magana. Sai su aika da ƙwaryar gero, su ce a taya su surfe, su kuma manta da ita can.

Inna ta aika. Dije ta surfa, ta wanke, ta dawo da shi duka, har dusar a ƙulle a gefe. Ni kuwa, in taubashi ya kai mata sadaka, ai gara ta ci ƙasa. Inna ta yi tunani ta ce, "Kyauta ba ta karɓa, amma zagi tana karɓa. Je ka jawo ta waje."

Wannan aiki ne da na ƙware a kansa. Na je na tsaya bakin danga na ce duk gari an san dalilin da ya sa ba ta taɓa leƙo rumfar inji ba, tsoro take ji. Na ce an gan ta tana sauya hanya in ya yi tari. Taɓarya ta tsaya. Ban jira amsa ba, na san nisan jifanta.

Washegari sai ga ta da autarta a baya. Ta zauna bakin rumfa, ta kafa wa injin ido. Haka ta yi ta zuwa kwana da kwanaki. Duk lokacin da na kashe shi ya huce, sai ta jefo tambaya, ba ta ko kallona.

"Me yake ci?"

"Gero, dawa, masara."

"Yana gajiya?"

"Sai in ya yi zafi."

"Gyaɗa fa?"

"Alhaji ya hana."

"Alhaji ya hana, ko shi ya ƙi?"

Ba a koya mana wannan a aji uku ba.

Ranar kasuwa ta sayar da akuyar. Na ji labari, na ɗauka yunwa ce ta kai ta. Kwana biyu bayan haka ta zo da ƙwarya rufe da faifai, ta ajiye a layi kamar kowa. Na juya baya ina ƙara wa injin ruwa, sai na ji muryarsa ta sauya. Ya yi wani gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, rumfa ta ɗauki rawa. Na waiwaya, ga Dije tsaye da ƙwarya wayam a hannu. Soyayyar gyaɗa ce, murzajjiya, kuɗin akuyar nan duka, ta juye masa a baki.

Na ga aikina ya tafi, na ga Alhaji, na ga hanyar Kano a ƙasa. Ina cikin salati sai wani abu ya fara leƙowa ta inda gari yake fita, a hankali, mai kauri, mai ɗumi, yana ƙyalli. Dije ta sa yatsa ta lakato, ta ɗanɗana.

"Ƙara matse masa haƙora, Mushe. Bai yi laushi ba."

Na matse. Har yau in an tambaye ni dalili sai in ce ruɗewa ce. Gaskiyar ita ce ni ma ina son in ga abin da zai faru.

Abin da ya faru shi ne duk garin da na niƙa bayan nan ya ɗauki ƙanshin gyaɗa. Waca ta yi kwanaki tana cin tuwo mai ɗanɗanon ƙuli. Yara suka ce ba su taɓa jin daɗi irin wannan ba, iyayensu suka kai ƙara wajen Alhaji. Ya zo rumfa ransa a ɓace, ya fara zagi tun daga kakannina. Bai kai ga iyayena ba sai ga Dije da kwalbar mai da ƙuli a faifai. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar ba ita ba.

"Alhaji, injinka daga la'asar barci yake yi. Ka bar ni in ba shi aiki in hatsi ya ƙare, in biya kamar kowa."

Alhaji ɗan kasuwa ne. Ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya ɗaga ta wajen haske, ya gutsiri ƙuli.

"To, wa zai wanke masa baki kafin safe?"

"Wanda ya yi lakwal," in ji Dije.

Ku da ba ku san aikin ba, wahalar ƙuli duk tana wajen mayar da gyaɗa ta yi laushi. A turmi mace takan wuni a kan ƴar kaɗan. Inji kuwa kafin ka gama alwala ya gama. Abin da ya rage shi ne matsar mai, a zuba markaɗen a turmi da ruwan zafi a yi ta juyawa da taɓarya har man ya taso, sannan a mulmula, a toya, a ɗora wa jaki zuwa kasuwar Bande da Kwaya da Dungas. Wannan duk hannu yake so. Dije ta kira biyu daga cikin abokan dakanta suka shiga.

Ba zan ce muku injin bai ci kowa ba. Akwai Iya Tabawa, wadda ta fi su tsufa. Daka ta iya, shi kaɗai, ƙarfin matsar mai babu, ƙafar zuwa kasuwa babu. Ta tattara ta koma ƙauye wajen ƴarta, can ta rasu. Dije takan aika mata da ƙuli, ita da ba ta da haƙorin cin sa.

Wata safiya muka sake bi ta bayan dangar ni da Inna. Shiru, ba taɓarya, sai hayaƙi da ƙanshin suya. Inna ta tsaya ta saurara, ta daɗe. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, ta daina." Muka wuce.

Ni kuwa da nake taƙama, injin ya cinye mini kunnuwa, daga baya aka kawo ƙanana masu maɓalli waɗanda ba sa neman mai karatu, na koma gona. Yanzu har matsar man inji yake yi. Autar Dije, wadda aka goyo zuwa rumfa, tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man, take sayowa ta toya kawai. Kowane sabon inji in ya zo sai ya gutsiri wani abu ya bar saura, sauran kuma yana ƙara ƙanƙancewa. Ko akwai ranar da ba zai bar komai ba? Ban sani ba. Na tambayi mai salula, shi ma bai sani ba, ya ce bari ya tambayi na'urar.

An ce wannan sabuwar ba ta da rumfa, ba ta da bakin da za a juye wa ƙwarya. Duk da haka ina jin da Dije tana nan, ba salati za ta yi ba, ba kuma yabo ba. Za ta nemi inda ake zama a kalle ta, ta zauna. Za ta tambayi me take ci, wa ya hana, wa kuma zai wanke mata baki. Sannan ta jira a juya baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba na'urar ba ce. Akwai samari a garin nan da suka gama karatu, kullum da safe su fito da riga a goge, su zauna a tasha suna latsa salula da fuskar mai jiran muhimmin kira, azahar ta yi su koma gida kamar an taso daga aiki. Kunnena ya mutu, amma wannan ƙarar na san ta. Ƙaiƙayi suke daka. Inna ba ta nan, masu irin kunnenta sun ƙare, kuma su ma yaran kyauta ba za su karɓa ba.

Don haka na koma tsohuwar sana'ata. Nakan ja sandata in je in tsaya a kansu, in ce duk gari an san tsoron na'urar nan suke ji. Shekaranjiya ɗaya daga cikinsu, jikan Dije ne ma, ya harare ni ya ce, "Baba Mushe, wa ya ce maka ta fi ƙarfina?" Ya tashi ya bar wurin a fusace. Hararar kakarsa ce sak. Ban san abin da zai juye mata ba, amma na dawo gida na ci tuwo da yawa.

Allah ya jiƙan Dije, ya sa ta huta, ita da Inna da Iya Tabawa. Shekaru na yi ina wanke haƙoran inji saboda ita, ko sannu ba ta taɓa ce mini ba. In an tambaye ta a can wa ya wanke, ta faɗi gaskiya.