Bencunan Coci a Zauren Mijina

Shekaru sun cinye mini abubuwa da yawa. Sun ci haƙorana, sun ci sunayen wasu ƙawayena na ƙuruciya, har hanyar rijiyar da na yi ɗiban ruwa ina yarinya ta ɓace mini. Amma ranar da aka kira ni Jugu a kan wai na mayar da gidan mijina coci, wannan tana nan zaune daram a raina, kuma na san da ita za a rufe ni.

Ni ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Iyakar karatuna abin da zan yi salla da shi. Mijina, Allah ya jiƙansa, ɗan gidan fataken goro ne na Jugu. Ya zo Paraku ya kafa gida a unguwar Titiru, da babban zaure inda a da ake jibge huhunan goro. Da ya rasu, zauren ya koma makwancin awaki. Gidan kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai, na gado ne, kuma maganarsa tana hannun wan mijina, Alhaji, babban gidanmu can Jugu.

To, akwai wata mata 'yar Nijar da ke haya a ɗakin baya, tana sarin atamfa daga Najeriya. Ana nan sai ɗanta ya kwanta ciwo, aka ce ta tsallaka da shi wani asibiti a ƙasar Yarabawa. Ta tafi ta dawo. Yaron ya tashi, amma ita ta fi shi ramewa. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, likita yana tambayata, ni ina kallon bakinsa. Faransancina bai yi aiki ba, Hausata ba ta yi aiki ba. Ɗana yana hannuna kamar garwashi, na kasa faɗin inda ke masa ciwo." Ta ce irinta suna da yawa a garin nan, mutanen Nijar da Burkina da Togo, waɗanda neman abinci ya zaunar da su Paraku, amma rabin nemansu yana hayin iyaka, inda in ba ka jin Ingilishi ka zama kurma.

Ita ce ta kawo mini Madam. Madam 'yar Gana ce, Kirista, aure ya kawo ta Paraku tun tana yarinya, ta yi koyarwa har ta tsufa ta ajiye. Ta yarda ta koya wa manya Ingilishi don Allah, sai dai babu wuri. Ta ce mini da Hausarta ta zangon Kumasi, "Mama Hajiya, inuwa kawai muke nema." Na dubi zauren, na ce in awaki sun samu, 'yan Adam ma za su samu.

Aka zaɓi Lahadi bayan azahar, don ita ce ranar da matafiya ke gida. Aka fara a kan tabarmi, sai dattawa suka yi ta kukan gwiwa da baya, ga rubutu ba ya yi musu a ƙasa. Madam ta ce akwai tsofaffin bencuna a ajiye a cocinsu, za ta roƙa aro. Aka ba ta. Aka ɗoro su a pus-pus, wato amalanken turawa, da rana tsaka, daga ƙofar coci, aka ratsa unguwa da su, aka sauke a ƙofar gidana. Ni kuwa ina tsaye ina ta sa albarka. Wallahi ko kaɗan ban ga abin da unguwa ta gani ba.

Karatu ya kankama. Madam ta faɗa, su amsa da murya ɗaya. In abu ya ƙi shiga kansu sai ta sa shi a waƙa, ana tafi ana maimaitawa. Nawa aikin shi ne in cika randa da ruwan sanyi, in dama kunu, in goya jariran masu karatu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga yadda mutum ke shigowa kansa a ƙasa, ya fita yana gwada bakinsa a hanya.

Kwanci tashi, sai waya ta zo daga Jugu: Alhaji yana nemana, kuma ban da jinkiri.

Na shiga mota ina tsammanin rasuwa ce ake ɓoye mini. Da na isa, na tarar da maza cike da zaure, mata kuma sun taru bayan labule. Na durƙusa na gaida Alhaji. Ya amsa a gajarce, bai tambayi yara ba. Nan jikina ya yi sanyi.

Ya ce, "Zan tambaye ki, ki ba ni amsa don Allah. An ce ana taruwa a gidan ƙanena ranar Lahadi."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"An ce da waƙa da tafi, cikin Ingilishi."

"Akwai waƙa, akwai tafi."

"An ce bencunan da ake zama a kai daga coci suka fito."

"Daga can suka fito."

"An ce mai jan su Kirista ce, tana tsaye gaba da littafi a hannu."

"Haka ne, Yaya."

Kowace amsa gaskiya ce, kuma kowace amsa tana ƙara nutsar da ni. Na ji wata daga bayan labule ta ja salati. Na ce karatu ne, na ce lakwal ce ta manya, amma ni kaina na ji yadda maganar ta fito ba ƙarfi. Alhaji ya ce, "Zauren nan ubanmu ya sa albarka aka gina shi. In abin da aka faɗa ya tabbata, za a rufe gidan, makulli ya dawo nan, ke ma ki dawo nan ki zauna inda muke ganinki."

Ni da aka kai gidan nan ina amarya, na haihu a ciki, na yi takaba a ciki. A fitar da ni da furfura a ka, da sunan na saki addinina. Na ce, "Yaya, kunne ya ba ka labari. Ina roƙon ka ba ido nasa rabon. Ka zo da kanka, kuma kada ka faɗa mini ranar da za ka zo."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Na ji."

Da na koma Paraku, babbar 'yata ta zo hankali a tashe. Ta ce, "Inna, abin ai mai sauƙi ne. A mayar da bencunan yau ɗin nan, a sauya rana zuwa Asabar, a ce wa Madam ta daina waƙar nan. In Baba Alhaji ya zo, ba zai ga komai ba." Madam ma da ta ji, idonta ya ciko. Ta ce, "Mama Hajiya, ba zan zama sanadin rabuwarki da gidanki ba. Mu tashi kawai."

Ba zan ɓoye ba, maganar 'yata ta yi mini daɗi a kunne. Na kwana biyu ina juya ta. Amma na ga in ya zo ya tarar da tabarmi da shiru, zai ce na ji tsoro na ɓoye, kuma mai ɓoyewa yana da abin ɓoyewa. Maganar za ta bi ni har kabari. Na ce musu ko ƙusa ɗaya kada a taɓa. Abin da unguwa ta gani, shi Alhaji zai gani. Masu karatun kuwa ban gaya musu komai ba, don baƙo in ya ji ƙamshin rigima ba ya sake dawowa.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai na fito na leƙa. Na rame har ɗankunnena ya yi mini nauyi.

Ranar da Alhaji ya zo, ina bakin ƙofa da jaririn wata a bayana. Ya sauko daga bayan zem, wato babur ɗin haya, shi kaɗai da sandarsa. Na yunƙura zan durƙusa, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya zauna a dakalin waje, ya jingina da bangon zaure. A ciki kuwa kamar sun san da shi: Madam ta ja waƙa, suka amsa, tafi ya tashi har awaki suka firgita. Na rufe idona. Ni kaina, daga wajen nan, in an ce mini coci ce ba zan yi musu ba.

Na saci kallon fuskarsa. Ta ɗaure tamau. Can sai na ga ya karkata kunne, ya daina jan carbi, leɓensa yana motsi. Na san Alhaji ya yi samartakarsa a Kumasi yana sarin goro, amma ban taɓa jin ya furta kalmar Ingilishi ba, don haka ban sa rai zai ji abin da suke rerawa ba. Ya dogara sanda ya miƙe, ya yi sallama ya shiga. Na bi shi.

Mun tarar Madam ta fito da mutum biyu gaba suna gwaji. 'Yar hayata ce likita, ta rataya igiyar guga a wuya. Majinyacin kuwa wani ƙaton mahauci ne ɗan Konni, mai tumbi, ga tabon salla baƙi ƙirin a goshinsa. Ya riƙe ciki yana nishi, yana jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan sa da igiya.

Wani daga baya ya ce, "Likita, duba shi da kyau, watan haihuwarsa ne."

Mahaucin ya juyo ya ce, "Cikin nama ne wannan, ɗan'uwa. Kai da ka girma a kan miyar kuka ba za ka gane ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Alhaji ya yi tari, ya kai hannun riga bakinsa, amma na ga kafaɗunsa suna motsi. Sai ya dubi Madam ya yi mata magana cikin Ingilishi, doguwa, a hankali, kamar mai buɗe tsohon akwati. Madam ta dafe ƙirji ta amsa masa. Daga baya ta gaya mini abin da ya tambaya: me take nema a wurin mutanen nan? Ta ce masa ranar da ta zo Paraku ba ta jin Faransanci, ba ta jin Dandanci, yaren da ake yi a garin, wata Bahaushiya maƙwabciyarta ce ta riƙe hannunta ta koya mata cefane, ita ce kuma ta tsaya mata ranar haihuwarta ta fari. Matar ta rasu kafin Madam ta rama mata alherin.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Madam ta rufe littafi kamar kullum, ta zo ta kwance jaririn daga bayana ta koma bakin ƙofa da shi. Maza suka jingine bencuna a bango, aka shimfiɗa tabarmi, aka yi alwala. Mahaucin ya ce, "Baba Alhaji, bisimilla. Kai ne babba, kuma kai ne baƙo." Alhaji ya dubi zauren daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya shiga gaba ya ta da kabbara. Ina sahun mata a baya. Da goshina ya taɓa ƙasa, sai na ji wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka. Na jiƙa tabarmar da hawaye, ban kuma ji kunya ba.

Bayan an watse ya zauna ya sha kununa, ya ce ya yi tsami, ya ƙara. Sannan ya ce, "Karatu ya ci gaba. Amma bencunan mutane a mayar musu, gidanmu bai rasa katako ba. Kuma ba a mayar da kayan aro hannu wofi." Ya aika aka sayo goro mai kyau, fari da ja, aka naɗe a ganye. Washegari shi da kansa ya bi pus-pus ɗin a ƙafa, ni da Madam muna biye. Bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofar cocin, aka kira fasto, ya miƙa masa goron da hannu biyu ya yi godiya. Muna juyowa ya ce mini ƙasa-ƙasa, "To, Hajiya, in wani ɗan Jugu ya gan ni a nan, sai ki shirya zuwa ba da shaida a kaina."

Bai bar ni a Paraku ba, ya ce mu tafi Jugu tare. Ya sa aka tara duk waɗanda suka zauna ran farko, maza a zaure, mata bayan labule. Ya ce, "A gabanku na tuhume ta, a gabanku zan wanke ta. Na je, na gani, na ja salla a wurin. Baƙi ne take saukarwa, kuma saukar baƙi shi ne abin da iyayenmu suka bar mana. Wanda ya ɗauko maganar nan ya kai ta wani gida, ya koma gidan ya gyara." Ba wanda ya ɗaga kai. Kafin wata ya ƙare, kafinta ya kawo sababbin bencuna, masu nauyi, irin waɗanda sai mutum biyu. Har yau ana zama a kansu duk Lahadi, ko da yake Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka makwancinsa.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi nake gaya wa duk wanda ya zo mini da kukan an yi masa ƙazafi. In ka san abin da ke cikin gidanka mai tsabta ne, kada ka tashi gyare-gyare don mai dubawa yana tafe. Ka bar komai inda yake, har abin da ya fi kama da laifi, ka buɗe ƙofa, ka koma gefe ka tsaya. Jiran yana da wuya, ni na sani. Amma wanda ya shigo ya gani da idonsa, shi zai fita ya yi maka maganar da bakinka ba zai iya ba.